Yabon da Ya Kwantar da Don Hilarión

A San Cayetano, idan watan Oktoba ya zo ƙarewa ba a kashe ka ba, to ka binciki kanka. 'Yan aji biyar na firamare ne ke da wuƙa da nama a wannan aiki, kuma da baitoci suke kisan.

Kafin Ranar Matattu, kowane yaro zai ɗauki mutum guda mai rai a gari ya rubuta masa kalabera, wato 'yar waƙa mai ba da labarin yadda Ramammiya, ita mutuwa ke nan, ta zo ta yi gaba da shi, da halin da ya jawo masa. Sai a shanya takardun a igiya jikin shingen makaranta ta wajen kasuwa, kamar wanki. Mai burodi, duk shekara burodinsa ne ke faɗo masa a ƙafa ya hallaka shi. Fada kuwa huɗubarsa ce ke sa Ramammiya gyangyaɗi, ta farka a fusace ta sungume shi. Kowa ya zo ya karanta mutuwarsa, ya yi dariya har da hawaye, ya koma gida yana hura hanci idan tasa ta fi ta maƙwabci zafi. Doka ɗaya ce tak, ita ma ba a rubuta ta ko'ina ba: ba a yi wa wanda ciwo ya ci ƙarfinsa zambo. Shi wannan lallaɓa shi ake yi da kalmomi masu taushi, kamar yadda ake ba shi romo babu barkono.

To a shekarar da nake ba ku labari, aji biyar na hannun Profe Abundio, wani siririn mutumin birni mai kwat ɗaya da ya sha guga har yana ƙyalli. Bawan Allah ya tsufa a riƙon ƙwarya. Duk makarantar da malama ta tafi haihuwa shi ake turawa, ta yi arba'in ta dawo, ya naɗe tabarmarsa ya ƙara gaba. Abokansa har ungozoma suke ce masa. Amma wannan karon tsohuwar malamar ritaya ta yi, kujera babu kowa, kuma Abundio ya ƙudura a ransa cewa ko ana ha maza ha mata a kanta zai zauna.

Mai ba da kujerar shi ne sufeton makarantu da ke birni. Matar sufeto kuwa ƙanwar Don Hilarión Zamudio ce, mai injin niƙan gari, shugaban ƙungiyar iyayen yara. Abin da Don Hilarión ya raɗa wa surukinsa ranar Lahadi a kan abinci, shi ke fitowa a takarda ranar Litinin. Mutum ne mai tumbi da ke riga shi shiga ɗaki, da gashin baki baƙi wuluk a shekarun da kan jaki ma ya yi furfura. Duk shekara yakan zo ya aza harsashin ginin banɗakin makaranta, a ɗauki hoto, a tafa. Tubalin guda ɗaya ne, bayan taro maigadi ke mayar da shi sito. Tubalin nan ya girmi duk ɗaliban makarantar.

Abundio ya manne wa Don Hilarión kamar kaska. Ya riƙe masa lema, ya yi dariya tun kafin a kai ƙarshen labari. Rannan har birni ya raka shi, yana rungume da jakarsa a cikin mota, don kawai sufeto ya ga fuskarsa. Gari duka ya ga tafiyarsu, ya ga dawowarsu.

A aji kuwa, adon harshe yake koyarwa, daga littafi, shafi bayan shafi.

"Kamance," in ji shi, yana rubutu a allo. "Misali, haƙoranta kamar lu'ulu'u."

"Profe, mene ne lu'ulu'u?" Tiburcio ne, ɗan mai gyaran taya.

"Wasu 'yan abubuwa ne farare, ƙanana, a jere... kamar haƙori."

"Ashe haƙoranta kamar haƙori ke nan," in ji Maclovia daga benci na biyu.

Ita wannan Maclovia 'yar Doña Cleofas ce mai sayar da tamale, wato alalar masara da ake naɗewa a ganye, wadda Abundio ke haya a ɗakin bayan gidanta. Yarinya 'yar firit, kitso biyu, baki kamar reza.

"Mu je gaba. Mutuntarwa. Iska tana yi wa furanni raɗa."

"Me ta ce musu, Profe?"

"Ba ta ce komai ba. Ado ne."

"Gulmar banza ke nan," in ji Maclovia.

Da an kaɗa ƙararrawar tara, yaran nan da suka kasa kawo misali ɗaya za ka ji su a fili. "Tafi can, mai kunne kamar hannun tukunya!" "Ke kuma bakinki ƙofar coci ce ranar biki, kowa ya shiga ya fita!" Sai Abundio ya leƙo ta taga ya daka musu tsawa, su daina surutun banza su je su haddace lu'ulu'u.

Da makon kalabera ya zo aka jefa ƙuri'a, kowa ya zari sunan gawarsa daga cikin hula. Maclovia ta zaro Don Hilarión. Aji ya ɗauki sowa. Kashegari ta miƙe ta karanta, hannu a bayanta:

Ramammiya ta zo da buhu,
Tumbin Don Hilarión ya ƙi shiga.
Ta koma ta ɗauko amalanke,
Taya ta fashe, jakin ya ruga.
Gashin bakinsa dare ne,
Da aka yi ruwa daren ya zube a riga.
Kabarinsa tubali ɗaya tak,
Sauran ginin sai baɗi za a ɗaga.

Yara suka kwanta a benci don dariya. Malamin kirki da ya ga kamance da siffantawa da kambamawa sun zo masa har gida, an dafa an zuba. Shi Abundio kujerarsa kawai ya gani tana tashi sama da fukafukai. Ya fizge takardar, hannunsa na rawa, ya yayyaga ta.

"Ba a ajina ba! Babban mutum irin wannan?"

"Profe, bara an ce ya mutu ne da ya sunkuya ɗaure takalmi, kuma har alewa ya aiko."

"Bara ba ni ne malami ba."

Da ya ga hannu ya faɗa, sai ya zare wadda Tiburcio ya yi a kan shi malamin ma, ko karantawa bai yi ba. Ai malami da mutuncinsa. A birni ya san kalabera a jarida, abin dariyar kwana ɗaya, bai taɓa tambayar yadda ake karanta ta a San Cayetano ba. Ya zauna ya rubuta wa Don Hilarión tasa da kansa, da kyakkyawan rubutunsa na malamai, ya maƙala a tsakiyar igiya:

Ramammiya ta zo a hankali,
Ta ga mutum mai haske kamar wata.
Ta ce, uban gari, inuwar marayu,
Sannu da aiki, zo ka huta.

Da hantsi kasuwa ta taru a shinge. Ana dariya ana nuna juna da yatsa, har aka zo tsakiyar igiya. Sai dariya ta ɗauke kamar ruwan sama. Wata tsohuwa ta yi alamar gicciye. Don Fulgencio mai burodi, kompadren Don Hilarión wanda ya riƙe masa ɗa a baftisma, kuma wanda ba su taɓa haɗuwa ba su zagi juna ba, ya cire hula ya riƙe a ƙirji.

Doña Cleofas ta ja 'yarta gefe. "Ke, ba ke kika zaro shi ba? Ina taki?"

"Profe ya yaga, Mama. Hannunsa har rawa yake yi."

"Allah sarki. Shi ya sa suka je birni tare. Asibiti ke nan."

Kafin rana ta raba, labari ya kai injin niƙa ya dawo. Wasu suka ce hanta ce, wasu suka ce ai dama tumbin nan ba na lafiya ba ne.

Shi kuwa Don Hilarión da ya zo ya karanta, sai ya shafa gashin baki. Mutum ya san doka sarai, amma wa ke tuna doka ranar da aka kira shi wata? Ya dafa kafaɗar Abundio.

"Profe, a ƙarshe dai an samu mai ilimi a makarantar nan. Lahadi mai zuwa zan je cin abinci wajen surukina. Ka bar mini sauran."

Abundio ya koma ɗaki yana taka ƙasa kamar ba ya so. Har ya fara lissafin inda zai kafa ƙusa ya rataye kwat ɗinsa na dindindin.

Sai romo ya fara isowa gidan Don Hilarión. Romon kaza, kwano bayan kwano, babu barkono ko ƙwaya. Matarsa Doña Eufrosina, wadda ake jin faɗanta daga bakin kasuwa, ta koma magana ƙasa-ƙasa, tana gyara masa matashi tana share ido da gefen mayafi. Ita tana tsammanin shi ke ɓoye mata, shi kuma ya fara tsammanin ita ke ɓoye masa. Fada ya biyo, wai wucewa yake yi, ya zauna ya yi ta magana a kan yafiya. Mijin 'yarsa ya shiga injin niƙa yana ƙwanƙwasa bango yana gyaɗa kai. Kafinta ya gaishe shi a hanya, ya dube shi daga sama har ƙasa, ya sake dubansa ta faɗi.

Abundio na ganin duk wannan yana jin daɗi. A ganinsa waƙarsa ce ta koya wa ƙauyawa girmama manya.

Abin da ya karya Don Hilarión a teburin domino ya faru, a ƙarƙashin bishiyar dandali, Abundio na tsaye a bayansa riƙe da lema. Don Fulgencio, wanda ko a mafarki ba ya bari a ci shi, ya ajiye ƙwayar da kowa ya ga ba ita ce ba.

"Ka ci, kompadre," ya ce a hankali.

"Na ci? Kai ɓarawon gari, makahon ina ne kai? Ga shida a hannunka!"

"Ban gani ba, kompadre. Idona ne. Ka ci abinka."

"Ka zage ni mana! Ka ce mini buhun masara!"

Don Fulgencio ya kama hannunsa da hannu biyu. "Duk abin da ya taɓa shiga tsakaninmu, na yafe."

Don Hilarión ya tashi a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai a ka. Ya tafi gida ya kwanta. Kashegari bai fito ba. Ya daina shafa wa gashin baki abin da yake shafa masa, gari ya fara wayewa a gindin gashin. Lahadi ta zo ta wuce, ba wanda ya je birni cin abinci.

Ran Litinin da safe Doña Cleofas ta kawo wa Abundio kunun masara, ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen zane.

"Profe, ba shisshigi ba. Amma ni mai tamale ce, sai na san yawan ganyen da zan tanada don zaman makoki. Zai kai Kirsimeti?"

"Wa?"

"Haba Profe. Wanda ka yi wa waƙar ban kwana."

"Ban kwana? Yabo ne!"

Ta dube shi kamar yadda ake duban kazar da ta shiga coci. Sannan ta zauna ta warware masa dokar, daki-daki, yadda ake yi wa ɗan aji ɗaya. Kunu ya huce a hannunsa.

Yanzu fa ga ƙoshi ga kwanan yunwa. In ya yi shiru, mai shirin mutuwa ba ya zuwa cin abinci gidan suruki. In ya faɗi gaskiya, ya gaya wa Don Hilarión cewa shi ya kwantar da shi. Yana cikin wannan saƙa da warwara aka aiko cewa majinyaci na kiransa.

Ya same shi a gado, an ja masa bargo har wuya, tumbin ya yi tudu kamar kabarin da aka riga aka yi. Kyandir na ci a gaban gunkin waliyyi.

"Rufe ƙofar, Profe. Kai mai ilimi ne, ba za ka yi mini ƙarya ba. Eufrosina ta ƙi faɗa. Wa ya gaya maka? Likita ne? Ina ne, hanta ko zuciya? Tun shekaranjiya nake jin wani abu na motsi a nan."

"Don Hilarión... wataƙila yunwa ce."

"Me?"

Abundio ya durƙusa a gefen gado ya amayar da komai. Babu likita, babu hanta. Yarinya ce ta rubuta, shi kuma ya ji tsoro.

Sai bargo ya yi sama.

"Tsoro? Kai ɗan wofi, don tsoronka na sha romon kaza na mako guda kamar mai jego? Har Fulgencio ya yafe mini! Na gaya wa Fada abubuwan da ko Eufrosina ba ta sani ba! Ina ta gaskiyar?"

"Na yaga, ranka ya daɗe."

"Ka yaga mutuwata? Da izinin wa?"

A silifas ya fito, da rigar barci, yana jan Abundio ta hannun kwat. Suka ratsa kasuwa, mata na alamar gicciye suna cewa fitar rai ce ta zo da gigita. Ya banka ƙofar aji biyar.

"Wace ce mai ni?"

Maclovia ta miƙe.

"'Yar Cleofas. Kin tuna?"

"Ai duk aji sun haddace, Don Hilarión. Da ita muke tsallen igiya."

"To ku kashe ni. Da ƙarfi, kasuwa ta ji. Ku buɗe tagogin nan!"

Suka ɗauka baki ɗaya, suna buga benci. Da aka zo kan buhu, Don Hilarión ya riƙe tumbi yana dariya. Da jaki ya ruga, sai da ya dafa allo. Kan gashin baki dariyar ta ɗan rage, ya kai hannu ya rufe wurin. Da aka iso tubali bai yi dariya ba ko kaɗan, amma ba wanda ya lura, don kasuwa da ke maƙale a shinge ta riga ta ɓarke.

"Buhun masara!" Don Fulgencio ne ke ihu daga waje, hawaye na zuba. "Ka dawo mini da wasana, mugun tsoho! Na janye yafiyar!"

"Ka ji ɗan halak," in ji Don Hilarión. Ya aika aka kawo tamale daga tukunyar Doña Cleofas, masu jan barkono, ya zauna a kan teburin malami ya cinye wanda zai ishi masu ɗaukar gawa. Bai ƙara yi wa Abundio faɗa ba. Da zai fita ma har murmushi ya yi masa, Abundio ya ɗauki murmushin ya ajiye a zuciya kamar takardar ɗaukar aiki.

Ranar Matattu aka yi taro a filin makaranta kafin a wuce maƙabarta. An zuba furanni rawaya, an jera burodin matattu, maigadi ya fito da tubali ya kakkaɓe shi. Don Hilarión ya hau dandamali, gashin baki ya koma tsakar dare. Ya aza harsashi, aka ɗauki hoto, aka tafa. Sannan ya zaro takarda daga aljihu.

"Jama'a, na lura an bar mutum ɗaya bana babu kalabera. Malaminmu. To ni ba mawaƙi ba ne, amma na koyi wani abu a wajensa."

Abundio ya gyara kwat, ya matso gaba. Don Hilarión ya sassauta murya kamar mai lallashin jariri:

Ramammiya ta ga Profe Abundio,
Fure mai ƙamshi, tattabara fara.
Ta ce, kai lu'ulu'un malamai,
Ka yi ƙoƙari, Allah ya ƙara.

Ba wanda ya tafa. Huluna suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Don Fulgencio ya zo ya kama hannunsa da hannu biyu. Doña Cleofas ta juya wajen maƙwabciyarta tana tambaya ko ɗan ƙanenta na nan yana neman ɗakin haya.

Wannan darasin dai Abundio bai nemi littafi ba kafin ya gane shi. Ya waiga wajen 'yan ajinsa da ke jere da furanni a hannu. Da yaro ɗaya zai buɗe baki ya ce masa tsinke, ko ungozoma, ko karen Don Hilarión, a yi dariya, wataƙila da sauran numfashi. Ya sunkuya kusa da Maclovia.

"Ke, ba ki da wani abu a kaina? Ko ɗan baiti biyu. Ko na Tiburcio ne."

"Muna da shi, Profe. Mai kyau ma, har da kambamawa."

"To faɗa mana! Da ƙarfi!"

Ta dube shi da tausayi irin na manyan mata, ta miƙa masa fure ɗaya.

"Mama ta ce ba a yi wa wanda jiki ya yi nisa."

Da yamma romon kaza ya same shi a ɗaki, babu barkono. Kujerar kuwa bayan Kirsimeti aka ba wata 'yar ɗan'uwan sufeto, wadda aka ce dama ita ake jira ta gama karatu. Shi kuma Abundio an tura shi wani gari can bayan duwatsu, inda malamar aji uku ta shiga watan haihuwa.